Kada mu ƙone kara a gona

Ƴan uwa manoma na Alakos, daga Garazu har ƙauyukan kewaye: Ku da kuka gama karatun yaƙi da jahilci, ku karanta wannan, ku kuma karanta wa maƙwabta.

Kowace bazara, lokacin sharar gona, ina ganin hayaƙi yana tashi. An tara kara da ciyawa an sa wuta. Ni a ganina hasara ce babba.

Hatsi yana shan wata iska da ake kira iskar karbon. Da ita da ruwa da hasken rana yake gina jikinsa. In ka ƙone kara, iskar nan ta koma sama, inda yawanta ke ƙara zafin duniya. Tokar da ta rage kuwa guguwa ta kwashe, gona ta zauna tsirara.

A ƙasashen waje masana suna ta bincike don su mai da kara da iskar karbon su zama mai da gaz. Abin aikinsu shi ake kira katalizer. Kun san yadda ƴar kanwa ke sa wake ya nuna da wuri? Kusan haka yake, sai dai shi ba ya ƙarewa cikin aikin. Tun 1902 wani masani na Tulus a Faransa, Paul Sabatier, ya nuna cewa ƙarfen nikel yana sa iskar karbon ta haɗu da iskar idrojen ta zama gaz mai kama wuta. Takin ure da muke saye da tsada ma, da iskar karbon ake haɗa shi. To, abin da wasu ke kashe kuɗi a kansa, mu kuma sai mu sa masa ashana?

Ba mu da masana'anta, amma muna da kashin shanu. Cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da kara ya zama taki. Ka haƙa rami mai zurfin mita 1 a inuwa. Ka daddatse kara ka shimfiɗa, ka zuba kashin dabbobi da tokar murhu, ka yayyafa ruwa, ka sake jerawa har ya cika. Ka juya shi kowane kwana 15. Cikin wata 3 ka sami taki.

Na san za ku ce kara abincin dabbobi ne, da shi ake darni, da shi mata ke girki. Gaskiya ne, ban ce ku hana dabba ba. Ragowar nake magana. Wanda ruwa ya yi wa nisa, ya bar karan kwance a gona, zai riƙe ƙasa. Mu mutanen ƙasar Gure mun san yadda rairayi ke cin gona.

Bana kowa ya gwada a kusurwa ɗaya ta gonarsa. Da kaka ku ƙirga damman hatsi, ku rubuta mana abin da kuka gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Malamin gona, Alakos