Kafin a yi wa motar fenti, a nuna mana inda aka ɗaura birkinta

Duk 'yan watanni sai wani bidiyo ya karaɗe TikTok da Facebook: matashi ya ƙera mota a zauren gidansu, da injin babur ko na tsohuwar mota, ya fito da ita yara na binsa da ihu. Mu kuma mu danna alamar so, mu rubuta "Allah ya ƙara basira", mu wuce. Abin alfahari ne, kuma Kano ta saba da shi. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, har kafafen labaran duniya suka ɗauka.

Sai dai akwai wurin da kyamara ba ta taɓa leƙawa, wato ƙarƙashin sitiyari, inda aka ɗaura fedar birki. Ni a ganina nan ya kamata a fara auna gwanintar maƙeri, tun kafin a zo kan fitilu da ƙofa mai buɗewa sama.

Feda sanda ce mai ninka ƙarfi. A motar da ba ta da na'urar taimaka wa birki, ana tsara ta ta ninka ƙarfin ƙafa kusan sau biyar ko shida. Idan direba ya taka da nauyin kilo 50, abin da ke tura famfon birki, wanda makanikai ke kira masta, ya kai kilo 250. Wannan nauyin duka yana komawa kan ƙarfen da ke riƙe da mastan. In falan ƙarfe ne siriri irin na bodi, zai lanƙwashe ya ja baya. Direba zai ji birki ya yi laushi, ya ɗauka iska ce ta shiga man birki, ya yi ta zubar da mai a banza. Lanƙwasawar yau da gobe ita ke tsaga walda a hankali, kuma ba a tafiyar hankali take ƙarasa ɓallewa ba. Sai ranar da akuya ko yaro ya gifta, direba ya taka da iya ƙarfinsa.

A gasar Formula Student, inda ɗaliban jami'o'i ke ƙera motocin tsere, doka ta ce dole feda da mazauninta su jure nauyin niyuton 2,000, kimanin kilo 200, ba tare da wani abu ya karye ba. Alƙali kan shiga ya zauna ya taka da duk ƙarfinsa. Motar da ta gaza ba ta hawa filin tsere. Su ke nan da ke gudu a fili killatacce, da hular kwano a kai. Namu kuwa a hanyar Janguza ko cikin garin Tofa ake gwada su, tsakanin amalanken shanu, masu babura da yaran makarantar allo.

Wasu za su ce ai ba a kwatanta mai jari da wanda ya tara kuɗin ƙarfe daga aikin gona. Da maganar inji ake, da na yarda. Gyaran mazaunin feda kuwa bai kai kuɗin fenti ba. A sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko sama a bayan masta, domin nauyin ya bazu. Daga farantin a ja ƙarfe biyu a karkace zuwa ainihin ƙashin motar, su yi siffar kusurwa uku, don ita ce ba ta saurin karkacewa. Sandar da feda ke juyawa a kai a riƙe ta ta ɓangarori biyu, kada a bar ta a maƙale gefe guda. Ƙusoshin ɗauri su zama masu lambar 8.8 a kai, da noti mai kulle kansa, saboda girgizar hanyar burji tana kwance noti. Mafi sauƙi ma, a je Ƙofar Ruwa a sayo feda da mazauninta na tsohuwar mota ɗungurungum, tunda kamfani ya riga ya yi lissafinsa. Abin da ya rage shi ne a ɗaura shi a ƙashin mota.

Waldar bakin hanya ma abin dubawa ce. Wadda ta taru a sama kamar kashin kaza ba ta ratsa ƙarfen ba, komai yawan fentin da aka shafa mata.

Mu masu riƙe da waya muna da hannu a nan, domin abin da muke yabawa shi maƙeri ke ƙara wa lokaci. In an saka bidiyo na gaba, a nemi ya ajiye wayar a ƙarƙashin sitiyari, ya sa ƙaton cikin abokansa ya taka birki da iya ƙarfinsa mota na tsaye. Idan farantin ya motsa, ko feda ta karkace gefe, motar ta koma wurin mai walda kafin a ɗauki kowa a ciki.