"Saura Ƙiris" Ne Ke Cinye 'Ya'yanmu

A aljihun rigar ɗan ƙanwata na tsinci takardar, ranar da uwarsa ta kawo mini kukansa. Doguwa ce, duk ta yamutse, an jera wasannin ƙwallo 14 a kanta. Naira 200 ya sa, ana kwaɗaita masa naira 400,000. Wasa 13 sun shiga. Da na tsare shi na zaci zai sunkuyar da kai, sai na ga idonsa har ƙyalli yake yi. "Kawu, wallahi wasa ɗaya ne ya yanke ni. Saura ƙiris fa!" Yaron da ya riga ya sayar da wayar uwarsa, ya taɓa jarin ubangidansa na kasuwa, shi ke ba ni labarin asara kamar mai yin albishir.

Na daɗe ina ɗaukar caca a matsayin son banza da mutuwar zuciya kawai. Wannan ƙyallin ido ne ya sa na koma na yi karatu, kuma abin da na gano ya tsorata ni.

A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin. Aikinsa shi ne ya ingiza ka neman abin da ka taɓa ɗanɗanawa: abinci, yabo, riba. Wani masani, Wolfram Schultz, ya shafe shekaru yana gwaji da birai. Zai kunna wa biri alama, sannan ya ɗiga masa ruwan 'ya'yan itace a baki. Da farko ƙwayoyin dofamin kan motsa ne idan zaƙin ya sauka a harshe. Da biri ya gane, sai suka koma motsawa tun daga ganin alamar. A 2003 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa motsin nan na lokacin jira ya fi ƙarfi idan samu da rashi suka yi kunnen doki. Ke nan kokwanto shi ne itacen wutar. Minti casa'in da yaro ke yi a gidan kallo, waya a hannu, zuciya na dukan uku-uku, su ne abin da yake saye da naira 200.

Sai maganar "saura ƙiris". A 2009 Luke Clark da abokansa a jami'ar Kambirij suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna buga na'urar caca. Suka ga idan mutum ya kusa ci bai ci ba, wuraren da ke motsawa lokacin nasara su ne dai ke motsawa. Mutanen sun ce abin ya ɓata musu rai, amma ya ƙara musu son sake bugawa. Aljihun ɗan ƙanwata ya yi asara, ƙwaƙwalwarsa kuwa ta rubuta cewa an kusa. Alhali kowane wasa da ya ƙara a takardar, rabon kamfani yake ƙarawa.

Wanda ke shakka ya dubi masu cutar karkarwa ta Parkinson. Wasu magungunansu suna kwaikwayon dofamin, kuma an samu dattawan da ba su taɓa caca ba sun faɗa cikinta tsundum bayan fara shan maganin, suka dawo hayyacinsu da aka rage shi. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da jarabar caca babi ɗaya da ta giya da ƙwaya. Mu kam ba baƙon abu ba ne a wajenmu: aya ta 90 a Suratul Ma'ida tare ta ambaci giya da caca.

Ban ce ɗan caca ba shi da laifi ba. Na kuma goyi bayan Hisbar Kano da ta garƙame shagunan caca a 2024, kuma tunda Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban shekarar cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, gwamnoninmu ba su da sauran uzuri. Sai dai yanzu shagon yana cikin aljihu. Yaro zai lulluɓa da bargo ƙarfe biyun dare ya cinye kuɗin makarantarsa, ba wanda ya gan shi.

Kuskurenmu a gida shi ne rufa-rufa. Sau biyu ƙanwata tana biyan bashinsa a ɓoye don gudun abin kunya, kowane biya kuwa sabon jari ne. Duka da zagi ma an gwada, ba su kankare komai ba. Abin da ya fara aiki shi ne da muka karɓe katin bankinsa, muka ba shi ƙaramar waya mai madannai, muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa duk da tsegumin dangi na cewa mun mai da shi mahaukaci. Ya sake zamewa sau ɗaya, muka sake tallabo shi. Watansa bakwai ke nan bai yanki tikiti ba.

Iyaye, idan kun ji ɗanku yana cewa wasa ɗaya ne ya yanke shi, kada ku biya masa bashi a ɓoye. Ku zaunar da shi yau, ku karɓi katin, ku nema masa likita.