Tsohuwar Mota Da Baƙin Mai: Kauri Ba Shi Ne Magani Ba

Ya ku iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai yi mamakin ganin ɗan makaranta ya tsoma baki cikin zancen kanikawa. To, ba rashin kunya ba ne. Da yawa daga cikinmu da kuɗin motar haya ake saya mana littattafai da sabulu da gari, in kuwa inji ya buga, har ɗakin kwananmu sai an ji a jika.

A hutun da ya wuce, lokacin hunturu, yayana ya sayi wata mota 'yar Kwatano wadda ta ci kilomita fiye da 200,000. A kan murfin da ake zuba baƙin mai an rubuta 5W-30 ɓaro-ɓaro. Amma da ya kai ta juye, sai bakanike ya ce, "Maigida, tsohuwar mota sai mai kauri." Ya ɗura mata 20W-50. Washegari da asuba da aka tayar da ita, sai muka ji inji yana ƙwaram-ƙwaram na ɗan lokaci kafin ya lafa, ga shan fetur ya ƙaru, ɗan hayaƙin da take yi kuma bai daina ba. Tun daga ranar nake tambaye-tambaye, har na kai ga wannan ra'ayi: tsufan mota kaɗai bai isa dalilin zuba mata mai mafi kauri ba.

Bari mu fara da lambobin nan. Wata ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka mai suna SAE ce ta tsara su. Lambar farko, mai harafin W, tana nuna yadda mai ke gudu cikin sanyi, don harafin na kalmar hunturu ne a Turanci. In ta yi ƙanƙanta, man yana saurin zagaya inji da safe. Lamba ta biyu kuwa kaurin man ne sa'ad da inji ya yi zafi, ana auna shi a digiri 100. Duk wanda ya ga yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu, ya narke in an kai shi rana, ya fahimci maganar.

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna, ya kwashe zafi, ya kuma wanke datti zuwa matata. Idan ya yi kauri fiye da kima, famfo yakan daɗe kafin ya tura shi saman inji, a wannan ɗan lokaci kuwa ƙarafa na gugar juna kusan a bushe. Wannan ita ce ƙarar da muka ji. Bugu da ƙari, injinan zamani da yawa suna da ƙananan hanyoyin mai, wasu ma da ƙarfin man suke daidaita buɗewar bawul. Ka ga ke nan zuba musu mai kauri kamar ɗura kunu ne ta bakin allura.

Amma fa ban ce kanikawa ba su da hujja ba, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne idan inji ya tsufa, ringi da bayarin sukan ci, tazarar da ke tsakanin ƙarafa ta buɗe, mai mara kauri ya riƙa sulalewa yana ƙonewa. Gaskiya ne kuma a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce digiri 40. Kawuna yana da Peugeot 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shekara da shekaru 20W-50 take sha, kuma lafiya lau take kai mutane kasuwannin ƙauye. Sai dai injinta na zamanin da ne, an ƙera shi don irin wannan mai. Kuskuren shi ne a ɗauki abincin wannan a ba waccan.

Saboda haka ga shawarata. Da farko a duba littafin motar ko murfin mai, domin wanda ya ƙera abu ya fi kowa sanin cikinsa. In dai inji ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, fitilar mai kuma ba ta ƙyaftawa, to a bar shi a kan abin da aka rubuta, komai yawan kilomitarsa. In kuwa sandar awo ta nuna mai yana raguwa, ko fitilar tana ƙyaftawa sa'ad da inji ya yi zafi yana tsaye, sai a sa bakanike ya auna ƙarfin man, sa'an nan a hau mataki ɗaya kawai, misali daga 30 zuwa 40. Akwai ma man da ake yi musamman don motar da ta wuce kilomita 120,000, mai sinadarin da ke tausasa robobin da suka ƙeƙashe.

Abu na ƙarshe, kauri ɓoye cuta yake yi, ba ya warkar da ita. Shuɗin hayaƙi a salansa alama ce mai yana ƙonewa. Motar yayana robobin bawul ne suka mutu, da aka sauya su aka koma kan manta na asali, hayaƙi ya ɗauke, ƙarar asuba ma ta tafi. Haka kuma a guji man awo na bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, araha ba ta ado. A yi juye kan kari tare da sabuwar matata, musamman da yake ƙurar hunturu ba ta raga wa inji.

'Yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu mu karanta wa iyayenmu abin da ke jikin galan cikin ladabi. Ilmin da bai amfani gida ba, ina ranarsa? Allah ya tsare mu da asara, amin.