Giyar Tarakta Ba Ta Mutuwar Farat Ɗaya

Kowace shekara, da zarar ruwan shuka ya sauka, sai a ga tarakta tsaye a tsakiyar gona, direba ya yi tagumi, manoman da suka biya kuɗin huɗa suna jira. In an tambaya sai a ce giya ce ta fashe, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma akwai sakaci a ciki. Giya takan daɗe tana ba da labarin ciwonta, ba a dai saurara ba ne.

Sau da yawa ɓarnar daga boris take farawa. Shi boris zobba biyu ne na ƙarfe da ƙwallaye a tsakaninsu, su ke riƙe sandunan giya don su juya daidai. Abokan gabansa huɗu ne: ƙura, da ruwa, da ƙarancin mai, da kayan da suka fi ƙarfinsa. Tun 1947 waɗansu masana biyu na ƙasar Suwidin, Lundberg da Palmgren, suka fitar da lissafin kwanakin boris. Bisa ga lissafin nan, in an ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye sau biyu, kwanansa sai ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Mai labta wa tirela buhuna fiye da ƙa'ida ya kamata ya riƙe wannan.

A manyan masana'antu akwai na'urar da ke auna jijjigar inji, ta gane ciwon boris tun kunne bai ji ba. Manomi ba shi da ita, amma yana da ido da kunne da hannu.

Na farko, mai. In an zo juye man giya, a tare shi cikin kwano mai tsabta, a zaga da maganaɗisu. Ɗan baƙin gari mai laushi ba abin tsoro ba ne. In kuwa aka ga ɓarɓashi mai ƙyalli, ƙarfe ya fara ɓamɓarewa ke nan. Man da ya koma kamar madara ruwa ne ya shige shi, abin da ya fi samun taraktar da ke aikin shinkafa a fadama.

Na biyu, ƙara. A tsai da tarakta, a fid da giya, a bar inji yana aiki. In ana jin gurnani, sa'an nan ya ɗauke da aka taka kuloci, a tuhumi boris na cikin giya. In kuwa sai an taka kuloci ƙarar ke tashi, to, boris na kulocin ne.

Na uku, zafi da yoyo. Bayan aiki, a kashe inji, a dafa jikin giya wuri wuri. Inda ya fi sauran zafi har hannu ba ya iya daɗewa, nan ciwon yake, kuma ya yi nisa, don zafi shi ne alamar ƙarshe. Mai yana tsattsafowa ta bakin sanda, ko giya tana fita da kanta, su ma sukan nuna boris ya saki. Inda mai ya fita kuwa, ta nan ƙurar hunturu za ta shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce kwance giya aiki ne mai tsada, tun da a kan raba tarakta biyu kafin a kai ga boris. Haka ne. Amma sai ya tuna, a irin taraktocin Ferguson da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946, da 'yar bayansu Massey Ferguson 135 ta 1964, mai guda ne ke zaga giya da gindin ƙafafun baya da famfon ɗaga garma. Ɓarɓashin boris ɗaya sai ya bi mai ya cinye haƙoran giya, ya lalata famfo. Wanda ya ƙi sayen boris da rani, duk waɗannan zai saya da damina, bayan shuka ta wuce makwabtansa.

Saboda haka abin da ya dace shi ne a yi wannan bincike cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da bakanike ke da sarari. Akawun jam'iyyar manoma ya ajiye littafi, ya rubuta ranar da aka canja mai da abin da aka gani a cikinsa. Ɗan kasuwa mai ba da hayar tarakta kuma ya daina yi wa direba faɗa in ya kawo labarin baƙuwar ƙara. Direban da ke tsoron a yanke masa albashi shiru zai yi, har ran da giya za ta faɗi da bakinta.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.