Ba kowace soyayya ke kaiwa ga ɗaurin aure ba

Yau wata tsohuwar waƙar Indiya ce ta zaunar da mu.

A fim ɗin Gumrah na 1963 take, wanda B. R. Chopra ya shirya. Mahendra Kapoor ya rera, Sahir Ludhianvi ya rubuta, Ravi ya yi kiɗa. Mu da muka tashi da kallon Indiya tun zamanin kaset, ba mu jin yaren, amma mun san fuskar mutumin da zuciyarsa ta karye.

Ga yadda abin yake. Mala Sinha ta fito a yarinya mai son wani saurayi mawaƙi, Sunil Dutt. Sai yayarta ta rasu ta bar yara, aka aura mata mijin yayar, Ashok Kumar, don kar marayu su faɗa hannun baƙuwa. Wa bai san irin wannan aure ba a nan, ko Malanville, ko Kamba? Da suka sake haɗuwa, saurayin ya zauna gaban fiyano, mijin na wurin, ya yi waƙar sallama. Bai zage ta ba, bai tona ko ɗaya daga sirrinsu ba. Abin da ya nema kawai a rabu da mutunci.

To mu dubi namu. Yarinya ta ce ta fasa, ko iyaye sun ba wani, kafin magariba hotunanta sun zagaye WhatsApp. Muryar da ta tura cikin dare ana kunna ta a fada, ana shan shayi ana dariya. Wani kuma ya ɗauko lissafi: salula, kuɗin kitso, jikka biyu na ranar salla, har tsiren da suka ci tare. Haba samari! Kayan da manya suka kai, al'ada ta san yadda manya ke mayar da su, ba mu ce a yafe ba. Amma tsire?

Kuma Gaya ba Yamai ba ce da mutum zai ɓace cikin jama'a. Wadda ka tozarta yau, gobe ƙanwar matar abokinka ce, a kasuwa za ku haɗu, a jirgin ruwa guda za ku tsallaka kogi. Ita ke ɗaukar tabon shekaru, mai neman aurenta na gaba sai an tura masa hoton. Ga shi tun 2019 Nijar na da doka kan laifuffukan intanet, wasan na iya ƙarewa gaban alƙali.

Gaskiya dai, ko a fim ɗin ba a cika alkawarin waƙar ba. Sun koma haɗuwa a ɓoye, wata mace ta gano ta dinga karɓar kuɗi hannun matar, gida ya kusa watsewa kafin ta zaɓi mijinta. Wannan ma ya ƙara mana son fim ɗin, don bai yi mana ƙaryar cewa haƙuri abu ne mai sauƙi ba. Mun san zafin, wasunmu sun yi wata ba su ci abincin kirki ba.

Roƙonmu ga manyan fada: in yaro ya zo zai kunna muryar ɗiyar mutane, ku ce ya kashe, ku zuba masa shayi na biyu, ku bar shi ya yi kukansa a tsakaninku.