Magajiyar Garin Da Ta Shekara 36 Bisa Mulki

A ƙasar Kanada, dab da birnin Toronto, akwai wani gari da ake kira Misisoga. A can mutanen gari ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi magajin garinsu, wato shugaban majalisar da ke lura da hanyoyi, da kashe gobara, da ɗakunan karatu. A shekarar 1978 suka zaɓi wata mace, sunanta Hazel McCallion. Sau 12 tana samun wannan kujera a jere, har ta sauka don kanta a 2014. An haife ta a 1921, ta rasu a 2023 tana da shekara 101.

To, yara, me ya sa mutane suka riƙe ta haka? A ganina dalili biyu ne.

Na fari, ta tsaya musu ran wuya. Daren 10 ga Nuwamba 1979 wani jirgin ƙasa na kaya ya goce daga kan dogo a cikin garin, wuta ta kama. Cikin taragun akwai mai ɗauke da kulorin. Wannan shi ne maganin da ake sa ɗan kaɗan a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, amma in iskarsa ta yi yawa mutum ya shaƙa, tana iya kashe shi. Sai magajiya da 'yan sanda da sauran hukumomi suka haɗa kai, aka fitar da mutum fiye da 200,000 daga gidajensu. Bayan 'yan kwanaki suka komo, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Na biyu, ta tattala dukiyar jama'a. A zamaninta gonaki suka zama unguwanni, mutanen garin suka haura 700,000. Duk attajirin da zai gina sabuwar unguwa, sai ya biya majalisa kuɗin hanyoyi da sauran ayyukan da unguwar ke bukata. Ta haka garin ya yi shekara fiye da 30 bai ci bashi ba.

Amma mutum tara yake, bai cika goma ba. An gina unguwanni nesa da juna, ba a tanadi isassun motocin haya na jama'a ba, har ya zama marar mota yana shan wuya. A 2011 kuma alƙalin da aka naɗa ya yi bincike ya ce ta sa baki cikin cinikin wani fili wanda ɗanta ke da hannu a ciki, abin da bai kamaci mai riƙe da amanar jama'a ba.

Waɗansu za su ce daɗewarta kaɗai ta isa shaida, tun da mutane ba za su yi ta zaɓen wanda ke cutarsu ba. Akwai gaskiya a nan, amma ban yarda da su ɗungum ba. In shugaba ya daɗe ƙwarai, masu iya ce masa ya yi kuskure sai su riƙa raguwa. Abin da ya taimaki Misisoga shi ne, ko magajiyar da suke ƙauna ba ta fi ƙarfin bincike ba.

Saboda haka, in malam ya naɗa ɗayanku monita, ko 'yan ƙungiya suka ba shi ajiyar kuɗinsu, ya tuna da wannan mata. Ya tsaya ran wuya, ya rubuta kowane kwabo, kada ya fifita ƙanensa bisa sauran yara. In kuwa aka ce ya kawo littafin lissafi a duba, ya kawo da hannu biyu, kada ya yi fushi.