Gonar Aro: Zaɓen Manhajar Ƙera Wasannin Kwamfuta

Duk wanda ya ƙuduri niyyar ƙera wasan kwamfuta, ko fasahar nan mai ɗora hoton ƙirƙira bisa abin da kyamarar waya ke gani, tilas ya fara zaɓen manhajar da zai yi gini a kanta. Galibi akan tsaya tsakanin Unity da Unreal Engine. Unity ta fi sauƙin koyo, ba ta kuma yi wa ƙananan wayoyi nauyi. Da ita aka ƙera Pokémon Go, wanda ya fito da jama'a tituna a 2016 suna farautar dodanni ta waya. Unreal kuwa ta fi ƙawata hoto, amma sai da kwamfuta mai ƙarfi.

To, abin da akan manta shi ne yarjejeniya. A watan Satumba na 2023 kamfanin Unity ya wayi gari ya ce wasan da ya yi kasuwa zai riƙa biyan har senti 20 duk sa'ad da wani ya ɗora shi a na'urarsa, har da wasannin da suka riga suka fito. Maƙera wasanni suka yi caa. Shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka a Oktoba, aka kuma soke tsarin a 2024. Amma fa an ga inda gizo ke saƙa: wanda ya shekara uku yana noma gonar aro ba ya kwashe shukarsa dare ɗaya.

Dalili ke nan da wasu suka waiwayi Godot, wadda ake bayarwa kyauta tun 2014, ba haya ba kamasho, ko da yake a fagen ɗora hoto bisa kyamarar waya ba ta kamo Unity ba.